KUƊIN LAIMA: A ƘWALLON INGILA WANDA YA FAƊI SHI AKE BIYA

Ran Lahadi 28 ga watan Mayu 2023 gidajen kallon ƙwallo sun cika sun batse, tun daga Agege da Idi Araba a Ikko har Sabon Badun da Shagamu, domin ran nan ce ranar rufe gasar Firimiya ta ƙasar Ingila. Kulob ɗin Leicester City, wanda ya ba duniya mamaki da ya ɗauki kofin a 2016, kuma wanda Ahmed Musa ya taɓa buga wa wasa, ya ci West Ham 2 da 1, amma cin bai yi masa rana ba. Everton ta ci nata wasan, saboda haka Leicester ta faɗo rukuni na biyu tare da Leeds United da Southampton. Magoya bayan Wilfred Ndidi da Kelechi Iheanacho suka watse jiki a sanyaye, wasu har suna cewa ai kulob ɗin ya mutu ke nan.

Shekara ba ta zagayo ba sai ga Leicester ta zo ta ɗaya a rukuni na biyu da maki 97, ta koma Firimiya. Southampton ma, inda Joe Aribo yake wasa a lokacin, ta bi bayanta a wannan shekara. Leeds kuwa ta ƙara shekara guda ta hau a 2025. Mai kallo zai ce ƙoƙarin 'yan wasa ne, kuma lalle akwai ƙoƙari a ciki. Amma akwai wani abin da ba a gani a telebijin, watau wasu maƙudan kuɗi da ake bai wa duk kulob ɗin da ya faɗo daga Firimiya. A kan kuɗin nan an yi shekaru ana ta da jijiyar wuya a Ingila, har magana ta kai gaban majalisar dokoki.

MENE NE KUƊIN LAIMA?

Turawan Ingila sun raɗa wa kuɗin suna ne daga laimar nan da soja yake ɗaurawa a baya in zai diro daga jirgin sama, don ya sauka a hankali kada ya karye. A Hausance sai a ce kuɗin laima.

Ga yadda abin yake. Kulob 20 ne a Firimiya, kowace shekara uku na ƙarshe su faɗo rukuni na biyu, wanda ake kira Championship, mai kulob 24. Daga can kuma uku su hau: na ɗaya da na biyu kai tsaye, guri na uku kuwa sai an yi wasannin cike gurbi, a ƙare a filin Wembley na birnin Landan.

Arzikin Firimiya daga telebijin yake. Cinikin nuna wasanni a cikin Birtaniya kaɗai na shekara uku, daga 2016 zuwa 2019, ya haura fam miliyan dubu biyar. Wanda aka ƙulla na shekara huɗu daga 2025 kuwa fam miliyan 6,700 ne, ban da abin da ake samu daga ƙasashen waje, har da kuɗin da masu gidajen kallo na Nijeriya suke biyan kamfanin tauraron ɗan Adam kowane wata. Wani kaso na wannan dukiya ana raba shi daidai wa daida tsakanin kulob 20 ɗin, sauran kuma gwargwadon matsayin da kowa ya ƙare da yawan nuna shi da aka yi. Ko wanda ya zo kurar baya yakan tashi da sama da fam miliyan 100 a shekara.

Bisa tsarin da aka fara aiki da shi a kakar wasa ta 2016/17, kulob ɗin da ya faɗo ana ba shi kashi 55 cikin ɗari na wancan rabo na daidai wa daida a shekarar farko, kashi 45 a ta biyu, kashi 20 a ta uku. Idan shekara guda tak ya yi a Firimiya ya faɗo, to, na shekara biyu kawai zai samu. Idan kuwa ya koma sama kafin wa'adin ya cika, sai a tsayar da biyan. A lissafin kuɗi, na shekarar farko yakan haura fam miliyan 40, jimlar shekara ukun kuwa ta kan wuce miliyan 90. Kafin wannan tsari, a 2010 an tsayar da fam miliyan 48 ne a cikin shekara huɗu. Watau duk lokacin da kuɗin telebijin ya ƙaru, laimar ma sai ta ƙara faɗi.

Sauran kulob-kulob na rukuni na biyu, waɗanda ba su da laima, su ma Firimiya tana ɗan yafa masu wani abu da sunan taimakon zumunci, amma bai wuce kimanin fam miliyan biyar ba ga kowannensu. To, a nan gizo yake saƙar.

DALILIN DA YA SA AKE BIYA

Ba don tausayi kurum aka fito da wannan tsari ba. Ɗan wasa a Turai yarjejeniya yake sa wa hannu ta shekara uku ko huɗu ko biyar, kuma dole a biya shi albashinsa har ta ƙare, ko kulob yana sama ko yana ƙasa. Gaskiya ne yawancin kulob-kulob sukan sa sharaɗin rage albashi idan an faɗi, amma ragin ba ya kai yawan asarar da aka yi. Abin ya yi kama da ɗan kasuwar da ya kama babban shago, ya ɗauki yara, ya ci bashin mota saboda ciniki yana gudu, rana ɗaya aka tashi kasuwar. Ciniki ya tsaya, amma mai shago da yara da mai mota kowa yana nan yana jiran nasa a ƙarshen wata.

An ga misalai da yawa. Bradford City ta faɗo a 2001, shekara guda bayan haka bashi ya sha kanta har aka miƙa ta hannun masu kula da kamfanonin da suka karye. Leeds United, wadda ta kai wasan kusa da na ƙarshe na kofin zakarun Turai a 2001, ta faɗo a 2004, ta sayar da 'yan wasanta da filinta, a 2007 ta gangara rukuni na uku, ba ta sake ganin Firimiya ba sai 2020. Portsmouth kuwa, wadda Nwankwo Kanu ya ci wa ƙwallon da ta ba ta kofin FA a 2008, ta karye tun tana Firimiya a 2010, aka zabtare mata maki tara, kafin 2013 ta ƙare tana rukuni na huɗu, sai da magoya bayanta suka yi karo-karo suka saye ta.

In kulob ya karye ba 'yan wasa ne suke fara jin jiki ba, su da ma suna da wakilai da ƙungiyar kare haƙƙinsu. Masu sayar da tikiti, masu gyaran fili, masu wanki, masu dafa abinci da direbobi su ne ake fara sallama, sa'an nan ƙananan 'yan kasuwar gari da suka ba kulob kaya bashi su yi asara.

Shugabannin Firimiya suna da hujja ta biyu. Sun ce idan babu laima, kulob ɗin da ya hau ba zai yarda ya kashe kuɗi ya sayi gwanaye ba, don tsoron abin da zai biyo baya in ya faɗo. Zai zo ne kawai ya karɓi rabon shekara guda, ya sha kashi ya koma. Su kuwa abin da suke sayar wa duniya shi ne gasar da ƙaramin kulob zai iya kayar da babba a kowace Asabar. Shugaban gudanarwar Firimiya, Richard Masters, ya sha kare tsarin a kan wannan hujja.

ABIN DA LISSAFI YA NUNA

Masu suka ba su musa cewa faɗuwa tana da ciwo ba. Abin da suke cewa shi ne maganin da aka ba mutum uku ya zama cuta ga mutum goma sha takwas. A watan Mayu 2020 Rick Parry, shugaban hukumar EFL mai kula da rukuni na biyu da na uku da na huɗu, ya bayyana gaban wani kwamiti na majalisar dokokin Birtaniya, ya kira kuɗin laima mugun abu wanda ya wajaba a kawar. Ya ce a lokacin kulob shida ne suke karɓa, kowanne kimanin fam miliyan 40, alhali sauran 18 ɗin fam miliyan huɗu da rabi kowanne yake samu, kuma an ce su yi tsere ɗaya.

Malaman jami'ar Sheffield Hallam sun bi diddigin al'amarin. Bincikensu na farko ya nuna kulob mai laima ya ninka wanda ba shi da ita sau biyu wajen yiwuwar hawa. Da suka sake dubawa bayan an shiga sabon tsarin 2016, sai suka tarar abin ya kai ninki uku.

Mai karatu ma zai iya yin lissafin da kansa, daga 2021 zuwa 2025. A 2021 Norwich da Watford, waɗanda suka faɗo shekara guda kafin nan, su suka zo na ɗaya da na biyu; William Troost-Ekong yana cikin 'yan bayan Watford a lokacin. A 2022 Fulham da Bournemouth. A 2023 Burnley, da maki 101, da Sheffield United. A 2024 Leicester da Southampton. A 2025 Leeds da Burnley, kowacce da maki 100 cif. Duk waɗannan goma suna cikin cin kuɗin laima lokacin da suka hau. Watau cikin gurabe 15 na shekara biyar, goma sun tafi hannun masu laima, biyu cikin uku a kowace shekara ba fashi, kuma duk shekara biyar ɗin mai laima ne ya zo na ɗaya. Biyar ɗin da suka kutsa ba laima su ne Brentford, Nottingham Forest, Luton Town, Ipswich Town da Sunderland, huɗu daga cikinsu ma sai ta ƙaramar ƙofar Wembley suka bi. Ipswich kaɗai ta hau kai tsaye.

Yadda kuɗin yake aiki a fili ba boyayye ba ne. Kulob mai laima ba a tilasta masa ya yi gwanjon dukan gwanayensa. Fulham ta riƙe Aleksandar Mitrovic bayan ta faɗo a 2021, shi kuwa ya zura ƙwallo 43 a kaka guda a rukuni na biyu. Leicester ta sayar da James Maddison ga Tottenham da Harvey Barnes ga Newcastle, amma ta riƙe Jamie Vardy da Ndidi da Iheanacho, mutanen da sauran kulob-kulob na rukunin ba su isa su biya albashin ko ɗaya daga cikinsu ba. Gasar kuma doguwa ce, wasa 46, sau da yawa Talata da Asabar. In sanyi ya shigo, rauni ya yi yawa, wanda yake da gwanaye zaune a benci shi yake wucewa.

Daga nan ne aka sami kulob-kulob masu hawa da sauka kamar guga a rijiya. Norwich ta hau a 2019, ta faɗo a 2020, ta hau a 2021, ta faɗo a 2022. Fulham ta hau a 2018, ta faɗo a 2019, ta hau a 2020, ta faɗo a 2021, ta sake hawa a 2022. Ga irin waɗannan, faɗuwa ta zo daidai da zama.

WAƊANDA SUKA ƘONE GARIN BIN SAHU

Babbar ɓarnar ba a kan teburin maki take ba, tana cikin littattafan akawu. Mai kulob ɗin da ba shi da laima, in yana son ya kamo mai laima, ba shi da hanya sai ya zuba kuɗin aljihunsa ko ya ci bashi, da fatan in Allah ya sa aka hau, Firimiya za ta biya. Kamfanin akantoci na Deloitte, wanda yake fitar da rahoton kuɗin ƙwallo kowace shekara, ya nuna cewa a kakar 2018/19 albashin da kulob-kulob na rukuni na biyu suka biya ya kai kashi 107 cikin ɗari na dukan abin da suka samu, a 2020/21 kuwa, lokacin annobar korona, ya kai 125. Watau a sami fam 100, a biya albashi fam 125, ban da sauran hidimomi.

A wancan lokaci dokar hukumar ta ce kada asarar kulob ta wuce fam miliyan 39 a cikin shekara uku. Wannan ya sa wasu suka shiga dabaru. Derby County ta je Wembley sau biyu, a 2014 Queens Park Rangers ta ci ta a minti na ƙarshe, a 2019 Aston Villa ta ci ta 2 da 1, kuma duka biyun masu laima ne a lokacin. Don lissafi ya daidaita, aka sayar da filin kulob ɗin, Pride Park, ga wani kamfani na mai kulob ɗin kansa, Mel Morris, a kan kimanin fam miliyan 80. A watan Satumba 2021 kulob ɗin ya karye. Aka zabtare masa maki 21 jimla, Wayne Rooney yana mai koyarwa, ya faɗa rukuni na uku a 2022. Saura ƙiris a rufe shi baki ɗaya, sai wani attajiri ɗan garin, David Clowes, ya saye shi.

Sheffield Wednesday ma ta je Wembley a 2016, Hull City mai laima ta ci ta 1 da nema. Ita ma an sayar da filinta, Hillsborough, ga mai kulob ɗin, aka yanke mata maki 12 a 2020, daga baya aka mai da su shida, ta faɗa rukuni na uku a 2021. Birmingham City ta rasa maki tara a 2019. Reading ta rasa shida a 2021, ta sake rasa shida a 2023, ta faɗi. Ba za a ɗora wa kuɗin laima dukan laifin ba, domin ba wanda ya sa wa masu kulob-kulob ɗin nan wuƙa a wuya. Amma wanda aka haɗa shi tsere da mai doki, shi yana ƙasa, ba abin mamaki ba ne in ya ci bashi ya sayi doki.

BA KULLUM LAIMA TAKE BUƊEWA BA

Duk da haka kuɗi ba su buga ƙwallo. Wolverhampton ta faɗo daga Firimiya a 2012, ta zarce rukuni na uku a 2013. Sunderland ta yi haka a 2017 da 2018 tana riƙe da laima a hannu, sai da ta shekara huɗu a rukuni na uku. Luton Town ma ta faɗo a 2024, ta ƙara faɗuwa a 2025. Idan shugabanci ya lalace, aka tara 'yan wasa masu tsada waɗanda zuciyarsu ba ta wurin, kuɗin sai su bi ruwa.

A ɗaya gefen kuma, Luton ɗin nan ba ta ma cikin manyan rukunoni huɗu daga 2009 zuwa 2014, amma da tattali da haƙuri ta kai Firimiya a 2023. Ipswich ta hau daga rukuni na uku a 2023, ta zarce Firimiya a 2024 a hannun Kieran McKenna. Brentford ta yi ta sayen 'yan wasa da araha tana sayarwa da tsada har ta hau a 2021.

Wani abin lura kuma, ramin da yake tsakanin rukunonin biyu ya yi zurfin da har masu laima ma ba su iya tsayawa in sun hau. Burnley da Sheffield United da Luton, waɗanda suka hau a 2023, duka ukun sun faɗo a 2024. Leicester da Ipswich da Southampton, waɗanda suka hau a 2024, duka ukun sun faɗo a 2025. Masu kare laima suka ce kun gani, ko da ita ma da ƙyar ne, ina ga babu? Masu suka kuwa suka ce wannan shi ne shaidar cewa ramin ne cutar, cike shi ya kamata a yi, ba a yi ta ɗinka wa mutum uku laima ba.

MAGANA TA KAI MAJALISA

Bayan da aka kori tsohon kulob ɗin Bury daga gasa a 2019 saboda bashi, sa'an nan manyan kulob shida na Ingila suka nemi ɓallewa su shiga wata sabuwar gasa ta Turai a watan Afrilu 2021, gwamnati ta naɗa 'yar majalisa Tracey Crouch ta binciki yadda ake tafiyar da ƙwallo. Rahotonta ya fito a watan Nuwamba 2021, ya ba da shawarar a kafa hukuma mai zaman kanta.

Buƙatar EFL ita ce a haɗa kuɗin telebijin na Firimiya da nata wuri ɗaya, a ba ta kashi 25 cikin ɗari, a soke laima. Nata cinikin da kamfanin Sky, na shekara biyar daga 2024, fam miliyan 935 ne na kulob 72, abin da bai kama ƙafar na Firimiya ba. An yi ta zama ana tashi, har a watan Maris 2024 kulob-kulob na Firimiya suka watse ba su amince da sabon rabo ba.

Daftarin dokar da gwamnatin jam'iyyar Conservative ta kawo a 2024 ya hana sabuwar hukumar taɓa kuɗin laima. Da jam'iyyar Labour ta hau mulki sai ta cire wannan hani. Dokar ta tabbata a watan Yuli 2025, aka ɗora David Kogan a kan shugabancin hukumar. Dokar ba ta soke laima ba, amma ta ba hukumar ikon shiga tsakani ta yanke yadda za a raba kuɗi idan ɓangarorin biyu suka kasa shiryawa, kuma laima tana cikin abin da za ta iya dubawa.

TO, A NAN GIDA FA?

A Nijeriya ba kuɗin telebijin ne yake riƙe da kulob-kulob ba, yawancinsu na gwamnatocin jihohi ne. Amma abin da ya faru a 2022 ya isa a yi tunani. A shekarar kulob huɗu suka faɗo daga babbar gasa: Kano Pillars, mai kofi huɗu na 2008 da 2012 da 2013 da 2014, da Katsina United, da Heartland ta Owerri, da MFM ta Ikko. Shekara guda bayan haka ukun farko, waɗanda duka na gwamnatocin jihohi ne, suka koma sama tare da Sporting Lagos. MFM, wadda ba gwamnati a bayanta, ba ta dawo tare da su ba. A nan baitulmalin jiha shi ne laimar, kuma ƙaramin kulob na ɗan kasuwa da yake fafutuka a rukuni na biyu ya san irin tseren da yake yi.

Saboda haka duk ranar da aka taru a gidan kallo a watan Mayu, ana ihu don wani kulob ya ci wasan Wembley ko wani ya faɗo, yana da kyau mai kallo ya tambayi kansa wane ne mai laima a cikinsu, wane ne kuma ya jinginar da filinsa kafin ya iso wurin. Amsar ta kan nuna wanda zai dawo baɗi da wanda za a daɗe ba a sake jin ɗuriyarsa ba.